Yadda ake yi wa gato ado da furannin kirim ɗin bota, ko a zafin Yamai

Matsa fure da kirim ba shi da wuyar da ake zato. Duk wadda ta iya zanen lalle da leda ta riga ta san rabin aikin: ta san inda ake matsawa, inda ake sassautawa, da lokacin da ake ɗaga hannu. Abin da ke kayar da masu koyo a nan Yamai zafi ne. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu rana tana haura digiri 40, balle a kicin idan wuta na kunne. Kafin ki gama fure ɗaya, kirim ɗin da ke tafin hannunki ya saki jiki. Yawancin bidiyon da ake kallo a waya a ɗakuna masu sanyi aka ɗauke su, shi ya sa za ki bi su tiryan-tiryan amma furenki ya kwanta. Hanyar da muke bi a nan ita ce: ba a yin fure kai tsaye a kan gato. A gefe ake yin sa, a daskarar da shi, sannan a ɗora.

Kayan aiki

Bakunan ƙarfe, waɗanda ake sawa a bakin ledar matsa kirim, su ne kan gaba. A kantin kayan gato ki ce douille kike so. Kowane yana da lamba a jikinsa, lambobin da zan faɗa kuma na kamfanin Wilton ne na Amurka. Masu ƙera na arha da yawa suna bin lambobin nan, amma ba duka ba, saboda haka ki dubi siffar bakin da idonki kafin ki biya.

Wanda ba makawa sai da shi shi ne lamba 104. Raminsa tsaga ce mai siffar ɗigon ruwa, gefe ɗaya da faɗi, ɗayan siriri. Da shi ake fitar da kunnuwan fure. Lamba 101, 102 da 103 ƙannensa ne, na ƙananan furanni. Bayan shi sai lamba 12, rami zagayayye, na gina tushen wardi. Lamba 352 na ganye. Lamba 3 na ɗigo a tsakiyar fure. Da 1M mai haƙora, wanda ke ceton mutum ranar da lokaci ya ƙure. Idan kuɗinki na baki ɗaya ne kawai, 104 za ki saya. Tushe da ɗigo ana iya yin su ta yanke bakin leda, ganye ma haka, a yanka bakin ledar siffar V. Idan 104 ɗin ne ya gagara samu, a ɗauki zagayayyen baki na ƙarfe a matse gefe ɗaya da filaya a hankali har ya zama tsaga. Ba zai yi kyan na kanti ba, amma ana koyo da shi.

Ledar matsi: ki nemi aƙalla biyu ga kowane launi, dalilin yana zuwa. Idan babu, ledar ajiya mai kauri ta firigo tana yi, a yanke kusurwarta. Siririyar farar ledar kasuwa kuwa fashewa take yi.

Ƙusar fure: ƙarfe ne mai faffaɗan kai, kusan santimita 4, wanda ake murzawa tsakanin yatsu. Ba kowane kanti ke da ita ba. Ɗan kofin shayi na gilashi, a kife shi, gindinsa ya zama wurin aiki, yana maye gurbinta. Ko a manna murfin kwalba a kan doguwar ƙusa mai tsabta.

Sauran: takardar gashi da aka yanka murabba'i-murabba'i, santimita 5 kowane gefe, ki yanka da yawa tun kafin hannunki ya yi maiƙo, tire na ƙarfe wanda zai shiga sashen ƙanƙara na firigo, rariya mai laushi, sikeli, injin bugu na hannu, cokalin roba, faffaɗar wuƙar shafe, almakashi ƙarami, tsinken sakace, tsumma mai tsabta a jiƙe. Faranti mai juyawa yana sauƙaƙa shafe gato, amma ba dole ba ne.

Kayan haɗi, na zubi ɗaya:

Bota marar gishiri, giram 250. A jikin takardar za ki ga an rubuta beurre doux, ki duba kuma a ce maiƙonta ya kai kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari.
Garin sukari mai laushi, wato sucre glace, giram 500.
Madara, cokali 1 zuwa 2 na cin abinci.
Banila kaɗan, da ɗan gishiri a bakin yatsa.
Launin abinci, mai kauri irin na jel.

Zubi ɗaya yana ba da wardi matsakaita fiye da ashirin. Shafe gato mai faɗin santimita 20 yana son wani zubin daban.

Maganar mai tana son a tsaya a kanta. Da hunturu bota zalla ta wadatar, kuma babu abin da ya kai ta daɗi. Da bazara sai an sassauta ra'ayi: rabin bota, rabin farin daskararren man girki da ake kira graisse végétale, giram 125 kowane. Shi wannan sai zafi ya wuce digiri 40 yake narkewa, shi ke riƙe kunnen fure a tsaye. Kada ki yi da shi zalla, yana barin maiƙo a dasashi, baƙi su ci loma ɗaya su ture faranti. Idan ba ki same shi ba, margarin mai tauri na masu gato ya fi. Margarin na shafa wa burodi ruwa ya yi masa yawa, ga gishiri, ga rawaya. Ya yi don koyo, bai yi don biki ba. Man shanunmu na gida ki bar shi ga tuwo: ɗanyensa yana da tsamin nono da ruwa, soyayyensa kuma ba ya buguwa.

Idan sucre glace ya ƙare a kanti, a niƙa sukarin gida giram 200 da cokali ɗaya na Maïzena, wato garin sitacin masara, a busasshen injin markaɗe na gida, a tankaɗe sau biyu. Ba zai yi laushin na kanti ba, harshe zai ji ɗan tsakuwa-tsakuwa. Kada dai ki kai injin unguwa, sai ya dawo miki da ƙanshin tattasai.

1. Zaɓi lokaci da wuri

Bayan sallar asuba ko bayan isha'i, nan ne lokacin fure. Tsakar rana ta bazara ba a yi, sai mai ɗaki da na'urar sanyaya. Ki gasa gaton tun jiya, ya kwana a firigo a naɗe cikin leda, don kada tanda ta ɗumama miki kicin ranar ado. Ki sa tiren ƙarfe a sashen ƙanƙara tun yanzu. Ki ajiye kwano da ruwan ƙanƙara kusa da ke na tsoma hannu.

Idan kina tsoron ɗaukewar kuran, ki tanadi kula da ƙanƙarar leda, a shimfiɗa tsumma a kan ƙanƙarar, a ɗora tire. Ba ta daskarar da fure kamar firigo, amma tana riƙe shi. Da hunturu matsalar ƙura ce: a rufe taga, a kashe fanka mai busowa kan tebur, domin duk abin da ya sauka kan kirim ya zauna ke nan.

2. Haɗa kirim

Ki yanka botar gunduwa-gunduwa ki bar ta ta sassauta. Gwajin shi ne ki danna da yatsa: ta lotsa, amma tana nan da sanyinta, ba ta ƙyalli. Wajen digiri 18 zuwa 20 ke nan. Da bazara minti goma zuwa sha biyar ya isa, da safiyar Janairu tana iya kai awa. Botar da ta fara ƙyalli ta wuce, ki mayar firigo.

Ki buga ta ita kaɗai, ko tare da farin man, minti biyar, har launinta ya koma fari-fari ta ƙara yawa. Masu gaggawa nan suke tsallakewa, sai kirim ya fito rawaya da nauyi. Sannan ki zuba tankaɗaɗɗen sukarin kashi uku, kina bugawa a hankali bayan kowane kashi. Tankaɗen nan ba ado ba ne, gudan sukari ɗaya ya isa ya toshe siririn gefen 104. Ki sa gishiri da banila. Madara kuwa ki riƙe ta tukuna, cokali ɗaya kawai, sauran sai gwaji ya nema.

Daga nan ki ajiye inji ki ɗauki cokalin roba, ki riƙa danna kirim ɗin a jikin kwano kina shafawa, minti biyu ko uku. Iskar da inji ya cusa ce kike fitarwa. Idan ta zauna, gefen kunnuwan zai fito da ramuka da yagewa.

Marar inji za ta iya da muciya ko maburgin waya, sai dai hannu zai ji a jikinsa, kuma ta ninka lokacin bugu.

Da damina, Yuli da Agusta, sukari yana jan laima, kirim ya yi ta sakewa ko da ma'auninki daidai ne. Ki ƙara cokali ɗaya na Maïzena, ki rage madara. Idan zaƙi ya yi miki yawa, a musanya giram 50 na sukari da madarar gari da aka tankaɗe.

Akwai wani kirim da ake yi da farin ƙwai da sukari a ɗumama su kan tururi har digiri 71 kafin a buga a sa bota. Ya fi santsi, zaƙinsa kaɗan, furensa yana sheƙi. Ban ba mai koyo shawarar farawa da shi a garin nan ba, don ya fi saurin narkewa, kuma yana son ma'aunin zafi.

3. Gwada kauri

Kauri uku ake buƙata daga haɗi ɗaya. Mai tauri na wardi: ki soka cokali a tsakiya ya tsaya bai karkata ba, ki ɗago kirim da wuƙa tsininsa ya tsaya cak. Matsakaici na furanni masu kwanciya: tsinin ya ɗan sunkuya. Mai laushi na shafe gato da ganye: a ƙara madara rabin ƙaramin cokali, rabin ƙaramin cokali, har ya shafu ba gardama.

Idan kirim ya saki, kada ki yi saurin ƙara sukari. Sau da yawa ba sukari ya rasa ba, sanyi ya rasa. Minti goma a firigo, ki juya, ki sake gwadawa. Sai idan yana da sanyi kuma bai tsaya ba za ki ƙara sukari. Idan kuma ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, botar ce ta yi sanyi da yawa ko madarar ta yi yawa; ki ɗibi cokali biyu ki narkar, ki mayar ciki, ki ci gaba da bugu, zai haɗe.

Kwanon da ba kya amfani da shi ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Wannan kirim yana yin ɓawo a sama idan ya sha iska, da hunturu kuwa nan da nan.

4. Launi

Da tsinken sakace ake ɗibar launi, a shafa a kirim, a juya, a duba. Sabon tsinke kowane ɗiba. Launi yana ƙara duhu idan ya zauna, don haka ki tsaya tun bai kai yadda kike so ba. Ja sosai da baƙi a haɗa su tun daren jiya. Wadda ta nace sai ta ga ja wur nan take za ta zuba launi har kirim ya yi ɗaci. Baƙi da ruwan ƙasa a fara su da garin koko na cakulan.

Rawayar bota tana shiga lissafi. Shuɗi a kan kirim mai rawaya kore-kore yake komawa. Ɗigon shunayya ƙanƙani, iya abin da bakin tsinke ya taɓa, yana kashe rawayar ya ba ki fari.

Launin ruwa na ƙananan kwalabe yana sassauta kirim, a lissafa shi cikin madara. Na gari a narkar da shi da ɗigon madara tukuna, in ba haka ba zai fito tabo-tabo bayan awa ɗaya. Garin busasshen zoɓo da aka niƙa lilis yana ba da ruwan hoda mai ɗan duhu da ɗan tsami mai daɗi, amma sai an tankaɗe shi sosai.

Fure mai launi ɗaya daga tushe har baki yakan yi kama da na roba. Ga dabarar: ki ja layi ɗaya na kirim mai duhu a cikin leda daga ƙasa zuwa sama, ki cika sauran da mai haske, ki juya bakin ƙarfen yadda siririn gefensa zai dace da layin. Kowane kunne zai fito da bakinsa mai duhu.

5. Cika leda da riƙo

Ki sa bakin a leda, ki tsayar da ita cikin kofi, ki naɗe bakinta a kan kofin, ki zuba. Kada ki wuce abin da tafin hannu zai rufe, cokali uku ko huɗu. Cikakkiyar leda tana gajiyar da hannu, kuma duk abin da ke cikinta yana shan zafin jikinki. Ki murɗe sama, ki riƙe murɗin tsakanin babban yatsa da manuniya, sauran yatsu su ke matsawa. Ki fara matsawa a kwano har iska ta fita.

Ga amfanin leda biyu: ɗaya a hannu, ɗaya a firigo. Fure biyu ko uku, ki musanya, ki tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, ki goge. Kada wadda ke firigo ta wuce minti biyar, bakin ƙarfe yana saurin sanyi, kirim ya daskare a ciki ya ƙi fita.

6. Fure mai kunne biyar

Da wannan ake farawa, ba da wardi ba. Ki ɗiga kirim a kan ƙusa, ki manna takarda. Ƙusa a hannun hagu, leda a dama, a karkace, rabi tsakanin tsaye da kwance. Faffaɗan gefen 104 yana taɓa tsakiyar takarda, siririn yana kallon waje, a ɗan ɗage. Wannan ƙa'ida ki riƙe ta: faɗi a tushe, siriri a baki. Idan kika juya su, kunne zai fito da kauri a baki ya faɗi.

Ki matsa, ki ɗan tura hannu waje, ki murza ƙusa kaɗan akasin tafiyar agogo, ki dawo tsakiya, ki daina matsawa, sannan ki ɗaga. A daina matsawa kafin a ɗaga, ba bayan ba. Kunne ɗaya ke nan. Ki goge bakin da tsumma, ki sa na biyu dab da na farko. Mai koyo kusan kullum wuri ke ƙare mata a na huɗu, ko ya rage na shida. Ki zana da'ira a kan ƙusar da alamomi biyar, za a gani ta cikin takarda. Ɗigo uku ko biyar na rawaya a tsakiya, an gama. Ki zame takardar zuwa tire mai sanyi. Bahaguwa ta juya komai: leda a hagu, ƙusa tana bin agogo.

7. Wardi

Shi ne abin da masu biki suke tambaya, kuma a hawa biyar ake gina shi.

Tushe. Da lamba 12, leda a tsaye, ki matsa da ƙarfi a tsakiyar takarda, ki riƙa ɗagawa kina sassautawa, har ki samu ɗan tsini mai faɗin gindi, tsayinsa wajen santimita 2. Duk nauyin furen a kansa yake. Da bazara ki yi tushe goma ko ashirin a jere, ki sa su a ƙanƙara minti goma, sannan ki riƙa ɗaukowa ɗaya-ɗaya. Tushen da bai daskare ba yakan karkace tun a hawa na biyu, ya tafi da furen gaba ɗaya.

Toho. Ki koma 104. Faffaɗan gefe yana taɓa tushen, ƙasa kaɗan da tsininsa, siririn yana sama, a sunkuye zuwa ciki. Ki matsa kina murza ƙusa zagaye ɗaya cikakke, zirin kirim ya naɗe tsinin, ya bar ɗan rami ƙanƙani a sama, sannan ki gangaro ki manna wutsiyar a jikin tushe. Idan ramin ya yi faɗi, furen zai yi kamar ya tsufa. Ki ƙara sunkuyar da siririn gefe.

Kunne uku. Yanzu siririn gefe yana kallon sama sak. Ki fara daga tsakiyar tsayin tushe, ki matsa, hannu ya hau ya sauko kamar kina zana baka, ƙusa tana juya kashi ɗaya cikin uku. Tsayin bakan ya kai tohon ko ya ɗan wuce. Na biyu ya fara daga bayan ƙarshen na farko, ya ɗan rufe shi. Haka na uku.

Kunne biyar. Ki sauko ƙasa kaɗan, ki karkata siririn gefe zuwa waje kaɗan, don furen ya fara buɗewa. Kowane kunne ya faro daga tsakiyar wanda ke samansa, kada gaɓoɓinsu su haɗu a layi ɗaya.

Kunne bakwai. A gindin tushe, siririn gefe ya ƙara kwantawa waje. Wannan hawan ba dole ba ne. A zafi ni a biyar nake tsayawa, don kunnuwan waje su ne farkon zubewa, kuma gato yana son wardi manya da ƙanana, har da toho zalla.

Sirrin duk yana ga daidaita hannu biyu. Idan ƙusa ta fi matsi sauri, kunne ya yage. Idan matsi ya fi juyi, ya yi kauri ya nannaɗe. Gefe mai tsattsagewa yana nufin kirim ya yi tauri, ko iska, ko bakin ya yi datti. Rabin ƙaramin cokali na madara yakan gyara, ɗan tsattsagewa kaɗan ma yana sa furen ya yi kama da na gaske. Kunnen da ke ƙyalli yana sunkuyawa kuwa zafi ne, ki musanya leda.

Ranar koyo kada ki ɓata bota. Margarin mai arha da sukari, ki yi fure, ki kankare ki mayar kwano, ki sake. A Koriya ta Kudu ma da daskararren farin wake da sukari suke yin irin furannin nan a kan wainar shinkafa, kuma ba ya narkewa. Mu da wake ya wadace mu, a surfa shi kamar za a yi ƙosai, a dafa lugub, a tace, a tuƙa da sukari a wuta har ya yi kauri. Yana da kyau don horar da hannu da rana tsaka, sai dai ba ya jure ajiya a waje.

8. Na cike gurbi

Furen rana: da 352 ki ja kunnuwa masu tsini, rawaya, a da'ira, hawa biyu, ki cika tsakiya da ɗigon kirim ɗin koko. Na 1M kuwa a tsaye ake riƙe leda, a fara daga tsakiya a zagayo waje sau ɗaya da rabi. Shi kaɗai ne nake yarda a yi kai tsaye a kan gato, don daƙiƙa uku yake ɗauka.

9. Daskarwa

Minti 15 zuwa 20 a sashen ƙanƙara, har fure ya ɓare daga takarda ba tare da ya lanƙwashe ba. Ki yi fiye da abin da kike buƙata, wasu za su karye. Idan na gobe ne ko na mako mai zuwa, bayan sun daskare a jera su a roba mai murfi. Bota tana shan wari. Firigon da ke da kifi, albasa ko daddawa a buɗe zai ba ki wardi mai ɗanɗanon miya.

10. Shafe gato

Gato mai sanyi, a yanke ƙullutun samansa ya kwanta daidai. Shafi na farko siriri ne, aikinsa kama ɓurɓushi, ko ana hango gaton ta ciki ba komai. Firigo minti 20 zuwa 30. Shafi na biyu mai kauri, a daidaita da wuƙar da aka tsoma a ruwan ɗumi aka goge. A sake mayarwa firigo. Launin jikin gato ya zama mai sanyi, fari ko mai haske, don furanni su fito.

11. Jera furanni

Tun kafin ki buɗe firigo ki san inda kowane zai zauna. Ki gwada a kan faranti mai faɗin gaton idan kina shakka. Jeri mafi sauƙi kuma mafi kyau shi ne jinjirin wata a gefe ɗaya, ya bar fili na rubuta sunan jariri ko na amarya. Cika saman gato da fure baki da baki yana ɓoye aikinki, kuma mai yanka zai ba kowa tulin kirim.

Ki matsa tudun kirim a layin da za su zauna, tsayinsa kamar kaurin yatsa ɗaya. Furen da aka kwantar a shimfiɗe ba ya kyau, a jingine ake sa shi, wasu suna kallon waje, wasu ciki. Ki fito da huɗu ko biyar kawai a lokaci guda, da bazara minti biyu ne gare ki kafin su yi laushi. Ki ɓare takarda, ki ɗauka da bakin almakashi ko wuƙa ta ƙasa, ki dasa, ki zare. Manya da farko, uku ko biyar, sai matsakaita, sai toho a ƙarshen jinjirin.

Ganye shi ne na ƙarshe, kuma shi ke rufe duk wani rami da gefen da ya karye. Da 352, tsininsa biyu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ki cusa bakin cikin gurbin, ki matsa har gindin ganye ya yi faɗi, ki sassauta kina ja. Koren kanti shi kaɗai yana da kaifi a ido, ki karya shi da ɗan koko ko ɗigon ja.

12. Ajiya da kaiwa

Gato ya koma firigo aƙalla awa ɗaya, cikin kwalinsa. Kwalin yana da aiki: idan aka fito da gato mai sanyi cikin iska mai laima, zufa takan keto masa, launi ya zubo, ja ya gangara kan fari. A cikin rufaffen kwali, laimar a jikin kwalin take sauka. Idan zufar ta fito duk da haka, kada ki goge, ki bar ta ta bushe gaban fanka.

A mota, kwali a ƙasa yake zama inda ya daidaita, ba a kan kujera ko cinya ba, da tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya zame. Gato mai fure ba ya hawa moto, komai kusancin unguwar. Daga Lazare zuwa Harobanda da azahar, a cunkoson gadar Kennedy, tafiya ce da za ta iya cinye aikin kwana biyu. Ki kai da sassafe ko bayan la'asar. Idan nesa ne ƙwarai, ki tafi da furannin a kula, ki jera a can.

Ki gaya wa uwar biki da bakinki, kada ki bar wa ɗan aike: gato ya zauna a firigo, a fito da shi minti 20 zuwa 30 kafin yanka, kuma kada a ajiye shi ƙarƙashin tanti tun ana jiran baƙi. Idan gidan ba firigo, ki tambayi ƙarfe nawa za a yanka, ki kai a lokacin. Kirim ɗin da ya rage yana yin mako ɗaya a firigo cikin roba mai murfi. Ranar amfani a bar shi ya sassauta, a sake juya shi da cokalin roba kafin a zuba a leda.